Tsohuwar Gidan Miltikbai

Kara-Bulak, farkon kaka, 1997

Dogon Yaro,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Luba da yara. Telegiram ɗinka ta ta'aziyya ta iso, Allah ya ba da lada. Mu ma lafiya, irin lafiyar da ake yi bayan an binne mutum. Ene, uwar yayanka, tana cin abinci, tana zagin kaji, ka ga da sauƙi ke nan. 'Yata Ainura ta koma gidan mijinta a Narin.

Ka ce in faɗa maka yadda abin ya faru. Ina bakin ƙofa ina kwaɓa gurasa sai na hango Sultanbek maƙwabcinmu yana gangarowa daga dutse, yana jan doki biyu. Ban ma kalli dawakin ba, kafaɗarsa na kalla. Tsohuwa ce rataye a kafaɗarsa. Shekara talatin da ɗaya ina gidan nan, ban taɓa ganinta a jikin wani namiji ba sai yayanka. Ko ni, in zan ɗaga ta in share wuri, sai ya bi hannuna da ido. A nan na gane. Kafin Sultanbek ya buɗe baki na riga na zauna a ƙasa, hannuna duk gari. Sun sami yayanka a zaune, ya jingina da dutse, tana kan cinyarsa, kamar mai jiran a kawo shayi. Likita ya ce zuciya ce.

Kada ka rikice, don ka daɗe da barin gida. Tsohuwa ita ce abin harbin nan mai sakata da ƙotar itace, wadda yayanka ya gada wurin babansa. Ba zan iya kiranta da sunanta na gaskiya ba, don shi ne sunan surukina, Allah ya jiƙansa, kuma matar ɗa ba ta kama sunan uban miji, ko da baki ko da biro. Tun ina amarya na sa mata Tsohuwa, ƙauye duka ya ɗauka. Kai ma ban taɓa kiran sunanka ba, Dogon Yaro na sa maka duk da gajartarka, ga ka nan ba ka mutu ba. Takardar nan ta cika, bari in yago wata daga tsohon littafin makarantar Ainura.

To, a kan Tsohuwa nake rubuto maka. Tun ranar da ya rasu ba ta da daɗi. Jikinta ya sandare, sai na sa ƙarfi take motsawa. Na goge ta, na shafa mata mai, na tura mata tsumma a baki da sanda har ya fita ta ɗaya gefen, kamar yadda na ga yana yi mata. Da rana ina jingine ta a bayan ƙofa, da dare in naɗe ta da bargo in tura ta ƙarƙashin gado saboda yaran maƙwabta. Ta kusa shekara casa'in, amma har yau in aka taɓa ta inda bai dace ba tana iya kashe mutum.

Kubat ɗan sanda ya zo. Yaron kirki ne, ya sha shayi, ya yi addu'a, sannan ya ce a fito masa da ita. Ya leƙa bakinta, ya juya ta, ya ce doka ba ta yarda ta zauna a gidan da babu namiji mai takarda ba. In wani ɗan uwa bai karɓe ta da sunansa ba kafin ƙarshen shekara, za su ɗauke ta zuwa Narin, kuma a can wuta ake jefa irinta. Sultanbek ya ce in ba shi ita ya rataye a bangon ɗakin baƙinsa, Turawa masu zuwa farauta su riƙa ɗaukar hoto. Na ce ina raye ba za a yi haka ba.

A dangi kai kaɗai ne mai takarda. Ka karɓe ta, don Allah. Ba ta da cin rai, kusurwa ɗaya ta ishe ta.

Na ba Japar direba wasiƙar nan da ƙullin kurut, busasshen cukun nan namu, na yara ne.

Matar yayanka,
Burul

*

Nobosibirsk, tsakiyar kaka

Jenge,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ko kuma muna lafiya har zuwa jiya da Japar ya miƙo min takardarki. Shafi ɗaya ya ba ni. Na ce ina sauran, ya ce iyakarta ke nan, sai da na matsa masa ya tuna ya goge sandar auna man mota da wani shafi a hanya. Kurut kuwa ya ce bai taɓa gani ba, yana faɗa yana sakace.

Jenge, matar yayana, na karanta abin da ya rage sau uku, na ba Luba ta karanta, ta fashe da kuka. Me ya same ki? Na san baƙin ciki yana taɓa hankali, kuma na san Ene ba mai sauƙi ba ce. Ni ma ta taɓa jifana da ludayi ina ɗan shekara tara, har yau akwai tabon. Amma uwar yayana Toktosun ce, ko da ba ita ta haife ni ba! Matar da ta haifi mijinki ce kike naɗewa da bargo ki tura ƙarƙashin gado? Ki jingine ta a bayan ƙofa kamar tsintsiya? Maganar tsumma da sanda kuwa ban fahimta ba, kuma ba na son in fahimta. Ki daina yau.

Wace irin doka ce kuka kafa tun da muka bar ƙasar? Na ji an ce komai ya canja bayan 'yancin kai, amma ban taɓa jin ana jefa tsofaffi a wuta don ba su da namiji mai takarda ba. Na riga na buga wa Kubat telegiram. Na ce masa in ya taɓa ko gefen ɗankwalinta, zan zo da lauya. Shi kuma Sultanbek ki faɗa masa ya rataye tasa kakar a bango in yana son hoto.

Zan karɓe ta. Gidanmu ɗaki biyu ne, amma yara za su koma kan kujera. Luba ta fara saƙa mata safa. Ga maganin ciwon gaɓɓai nan da mayafin ulu, na ba Japar, kuma na rantsar da shi.

Inda kawai na yarda da ke shi ne cewa tana iya kashe mutum.

Ƙaninki cikin damuwa,
Esenkul

*

Kara-Bulak, ƙarshen kaka

Dogon Yaro,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. An sauko da tumaki daga dutse, biyu sun rame amma za su tashi. Ka gaida Luba, ka ce mata ta share hawayenta.

Tun da yayanka ya rasu ban yi dariya ba sai ranar da wasiƙarka ta zo. Na yi har na ji kunya, don ina cikin baƙaƙen kayan takaba. Kai, Dogon Yaro! Shekara ashirin da biyar a ƙasar Rasha sun cinye maka kai tare da gashin? Zauna ka tuna sunan baban yayanka. Ka faɗe shi da ƙarfi, kai an yarda maka. Ka ji abin da yake nufi? To ita ce Tsohuwa. Wadda take harbi, ba wadda take jifa da ludayi ba. Duk na bayyana maka a shafin da Japar ya goge mai.

Telegiram ɗinka kuwa ta riga wasiƙar isowa, kuma ka san Gulsun ta gidan waya ba ta iya riƙe magana. Kafin Kubat ya gani, rabin ƙauye sun haddace ta. "Kada a ƙone tsohuwa, ina tafe da lauya." Kubat ya zo gidanmu fuskarsa kamar an mare shi, yana cewa, "Burul eje, babbar yaya, ni me na yi wa wannan mutumin?" Ene tana zaune a kan shimfiɗa ta ce a karanta mata. Da aka karanta ta ce, "Wane ne zai ƙone ni? Kai, ɗan Sadir? Ni na ciro ka daga cikin uwarka, ka fito shuɗi kamar hanta. Zo ka ƙone ni in gani." Yaro ya bar hularsa ya gudu, sai da yamma ya aiko a ɗauko masa.

Mayafin ta karɓa, tana yafe da shi yanzu. Ta ce a faɗa maka cikin dangi duka kai kaɗai ka tsaya mata, kuma ta yi nadamar ludayin, ta ce da cokali ya kamata ta jefa. Maganin gaɓɓai ma tana shafawa. Na ɗiba kaɗan na sa wa sakatar Tsohuwa, ta saki sosai.

Yanzu da ka gane, maganar tana nan yadda take. Kana aiki a shagon kayan farauta, kuma Ainura ta ce har yau kana sabunta katinka na ƙungiyar mafarautan Narin. Kubat ya ce wannan ya isa, sai dai ka zo da kanka ka sa hannu. Ba sai ka tafi da ita ba. Sunanka kawai za a rubuta, ta zauna a inda ta saba.

Ka san yadda yayanka yake a kanta. In aka zauna shan shayi wani ya yabi na zamani, sai ya ajiye kofi. Ya ce waɗancan an yi su ne don a sayar, ita kuwa an yi ta ne don a yi harbi. Ya ce ka ja sakatarta ka ji, kamar ana rufe ƙofar gidan mai hali, na yanzu kuwa kamar ana buɗe gwangwanin kifi. Ni ban san komai a kan wannan ba. Na dai san ba zan iya tsayawa in ga an saka ta a bayan mota ba.

Ka ce za ka karɓe ta har ka kori yara daga gado. Ina fata ba ka canja ba don ka ji ƙarfe ce.

Burul

*

Nobosibirsk, farkon sanyi

Jenge,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai dai Luba ta kwana biyu ba ta yi min magana ba, ta ce na sa ta kuka a kan ƙarfe. Safar ta ba ƙanwarta.

Miltikbai. Na faɗa da ƙarfi a tsakiyar shago, har mai shagon ya ɗago kai. Ma'anarsa Mai-bindiga. To ni zan rubuta miki kalmar, tun da ke ba kya iyawa: bindiga, bindiga, bindiga. Da kin samu yaro ya rubuta miki ita sau ɗaya, da ban zama abin dariyar Kara-Bulak ba. A ba Kubat haƙuri.

Yanzu bari in faɗa miki gaskiya a matsayin wanda yake kwana yake tashi cikin bindigogi. Toktosun mutumin kirki ne, amma a kan wannan magana kansa dutse ne. Mun yi wannan gardamar duk zuwan da na yi gida. Bindigar nan an ƙera ta tun zamanin da ake yaƙi a kan doki. Nauyinta ya kai na ɗan rago. Ƙotarta tana kumbura in an yi ruwa, tana tsukewa in an yi rana. Kunamarta sai ka ja kamar kana ciro guga. Na yanzu da muke sayarwa, ƙotarsu ba ta san ruwa ba, injin ne yake yanka bututunsu ba hannun mashayi ba, ga madubi a sama da za ki ƙirga gashin gemun bunsuru daga wancan dutsen. Masu cewa na da sun fi, ƙuruciyarsu suke yabo ba bindiga ba. A nan ma kullum sai wani tsoho ya shigo shago ya ja sakata, ya girgiza kai, ya ce roba ce. In ka tambaye shi yaushe rabonsa da harbi, sai ya hau tari.

Zuwa Kara-Bulak cikin wannan sanyi, jirgin ƙasa da bas da mota, mai shago kuma ba zai ba ni hutu da daɗi ba. Don Ene zan yi. Don tsohon ƙarfe, jenge, ki yi haƙuri. Ki bar Kubat ya yi aikinsa, ko ki ba Sultanbek, bango ma wuri ne mai daraja. In kerkeci kike tsoro, na ji an ce wani Bature ya bar wa Sultanbek sabuwa fil. Ita za ta tsare muku tumaki fiye da goma irin waccan.

Kada ki yi fushi. Ki ɗauki hular Toktosun ki ajiye, ita ba ta bukatar takarda.

Esenkul

*

Kara-Bulak, tsakiyar sanyi

Dogon Yaro,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ƙanƙara ta sauka, Ene tana tari kaɗan amma baki yana aiki. Na daɗe ban amsa maka ba, kuma da gangan ne. Na yi fushi. Na rubuta maka wata wasiƙa, na karanta, na hura wuta da ita.

Ranar da muka yanka dabbar da za mu ci duk lokacin sanyi maza sun taru a gidanmu. Kuskurena na ba malamin makaranta wasiƙarka ya karanta min wurin da rubutunka ya cakuɗe, shi kuma ya karanta ta duka da ƙarfi. Gida ya kama. Tsofaffi suna cewa kai ɗan shago ne, me ka sani. Samari suna cewa ka yi gaskiya. Tsoho Abdilda ya buga sanda ya ce, "Marigayi ya taɓa kayar da bunsurun dutse daga nan zuwa inda ba na gani!" Wani yaro ya ce, "Baba, ai kai ko ƙofa ba ka gani." Sultanbek ya tafi gida ya ɗauko tasa, wadda nake kira Baƙuwa, baƙa wul, ƙotar roba, ba nauyi kamar sandar makiyayi.

Ene ce ta raba gardamar. Ta ce, "Kun cinye min nama kuna hayaniya. Ku ɗauki bokitin nan da ya huje, ku kafa a hayin rafi, a gani." Kubat yana wurin, ya ce tun da hukuma tana tsaye babu laifi. Na fito da Tsohuwa da hannuna. Wallahi, Dogon Yaro, gabana bai faɗi ba ko kaɗan. Har tausayin Sultanbek nake ji.

Abdilda ya fara, ya kuskure, aka ce ido ne. Kubat ya karɓa, ya kwanta a kan ƙanƙara irin na soja, ya kuskure. Sultanbek da kansa, mutumin da Turawa suke biya ya raka su dutse, ya harba sau biyu. Bokiti ko motsi. Can sai muka ji matarsa tana ihu daga hagu. Ashe duk harsashin a ƙofar makewayinsu yake sauka, ramuka huɗu kusa da juna, tafin hannu zai rufe su. Allah ya sa ta riga ta fito.

Sai aka ɗauki Baƙuwa. Sultanbek ya samu. Kubat ya samu. Malamin makaranta, mai tabarau kamar gindin kwalba, wanda ko kaza bai taɓa yankawa ba, ya rufe ido ɗaya ya ja, bokiti ya yi tsalle. Tsofaffi suka fara kallon takalmansu.

Na juya in shige ɗaki sai na ga Ene tana dariya, bakin nan ba haƙori, har tana riƙe ciki. Ta ce, "Ku yanzu kuka sani? A karkace take tun ranar da uban yaran nan ya faɗo da ita daga doki, shekarar da na haifi Toktosun. Shi ya sani, ɗansa ya sani." Sultanbek ya ce, "To, ene, ina yake aunawa?" Ta ce, "Ni na sani? Ni dafawa nake yi."

Shekara talatin da ɗaya bai faɗa min ba. Yana zaune yana cika wa mutane baki cewa babu kamarta, alhali ya san hagu take ci. Na so in ji haushinsa, na kasa. Na tuna shekarun da aka rushe gonar gwamnati, babu albashi, babu gari a shago. Gida nawa a layin nan suka ci nama daga hannunsa? Ya fita da harsashi biyu ya dawo da ɗaya. Da wannan karkatacciyar. Na rungume ta a bayan murhu na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

To ka yi gaskiya, na rubuta da hannuna: na yanzu sun fi. Ba sai ka zo ba. Sultanbek ma ya janye, matarsa ta ce ba za ta shiga gidanta ba ko a bango. Kubat zai zo ya ɗauke ta ranar ƙarshe ta shekara. Ya ce zai naɗe ta da bargon, ba zai jefa ta haka ba.

Ka gaida yara.

Burul

*

Nobosibirsk, ranar da wasiƙarki ta iso

Jenge,

Lafiya lau. Kada ki ba Kubat komai.

A karkace? Hagu take ci? Kin tabbata?

Ki saurara. Ina ɗan shekara goma sha shida Toktosun ya kai ni bayan gari, ya kafa tsohon tulu, ya ɗora min bindigar nan a kafaɗa. Ke ba ki sani ba, kin ce ba ki taɓa ganinta a jikin wani ba, to ba kya wurin. Na harba sau uku, tulu yana tsaye yana kallona. Ya karɓa ya harba sau ɗaya, tulu ya tarwatse. Ya dafa ni ya ce, "Esenkul, idonka ne. Wasu an haife su don harbi, wasu don riƙe doki." Na yarda da shi! Da aka ɗauke ni soja aka tambayi wanda ya iya harbi, ban ɗaga hannu ba, na yi shekara biyu ina feraye dankali. Shekara goma sha takwas ina sayar da bindiga, ban taɓa harba ko ɗaya a gaban mutane ba. Tabarau biyu na saya. Likita ya ce idona lafiya, na ce likita bai san aikinsa ba.

Ashe yana tsaye a bayana yana kallon harsashina yana tafiya hagu, bai ce uffan ba. Allah ya jiƙansa, Allah ya gafarta masa, amma wallahi da yana raye sai mun yi.

Ba wanda zai narkar da wannan bindiga kafin ni da ita mu gama magana. Na faɗa wa mai shago kakata ce ba lafiya, kuma ban yi ƙarya sosai ba. Ina tafe. Ki nemo min tulu.

Ƙaninki mai lafiyayyen ido,
Esenkul

*

Kara-Bulak, bayan sabuwar shekara

Dogon Yaro,

Sallama. Ina fata ka isa lafiya, kuma kafaɗar ta sace. Ka ce wa Luba ta dafa gishiri ta ɗora maka, haka nake yi wa yayanka. Mu lafiya. Tarin Ene ya tafi.

Kubat ya kawo takardar jiya, da hatimi da komai. Tsohuwa taka ce, kuma tana bayan ƙofa inda ka bar ta. Na gode. Ban iya faɗa maka a baki ba ranar da za ka tafi, don Ene tana tsaye kuma za ta yi min dariya. Na gode, Dogon Yaro.

Sultanbek ya gyara bututun hayaƙinsa da harsashinka ya huda, ya ce ba komai. Tulun yana nan lafiya ƙalau, na mayar da shi ɗaki na zuba gishiri. Amma Abdilda ya ce harbinka na ƙarshe ya wuce kusa da shi sosai, ya ji a kunnensa. Yara suna cewa kusa da Abdilda yake nufi, ba kusa da tulu ba. Kada ka kula su. Ni na ga ƙanƙara ta tashi dab da gindinsa, kuma ta dama, ka ga ke nan ka fara gane halinta, sai dai ka zarce.

Akwai maganar da ban so in ɗora maka kana nan ba. An gama ginin kabarin yayanka kafin ƙasa ta daskare, kai ma ka gani. Amma mafarauci ne, dole a kafa ƙahon bunsurun dutse a kansa kafin sadakar shekara. Sultanbek ya zo da kirkinsa ya ce zai hau dutse da Baƙuwa, kafin azahar ya kawo mana. Ni har na ce to. Ene ta ce a'a. Ta ce ƙahon kabarin mijinta Tsohuwa ce ta kayar da shi, na ɗanta ma ita za ta kayar, ba za a ɗora masa ƙahon roba ba. Na ce, "Ene, ai ba wanda ya iya ta." Ta ce, "Mai ita ya koya. Ba gajeren nan ne ya sa hannu ba?"

Na yi mata bayani cewa kai a birni kake, kana da aiki, kuma ba ka taɓa hawa dutse da doki ba tun kana yaro. Ta ce ta ji, tana da lokaci, ba inda za ta.

Kubat ya ce izinin farauta sai kaka, ya rubuta sunanka a jerin masu nema. Zan riƙa shafa mata mai kafin nan. Ka nemi harsashi irin nata a shagonku, da yawa, don wanda ka bari guda uku ne.

Na je wurin yayanka ranar Juma'a na share ƙanƙarar, na ba shi labarin komai. Har yanzu babu ƙaho a kan kabarin.

Matar yayanka,
Burul